Akantan da Ba Ya Sa Hannu

Wata tara a shekara Misbahu ba kowa ba ne a cikin Hausawan Maryland. Ba wai ana wulaƙanta shi ba ne. Ana gaishe shi, ana tambayarsa iyali, in an yi suna ko walima shi ake kira ya zo da wuri ya taya jera kujeru. Amma in manya suka baje a falo, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, suna hirar farashin gidaje a Mitchellville da makarantun da 'ya'yansu suka samu, shi yana can bakin ƙofa yana nuna wa baƙi inda za su ajiye takalma. Sai an shiga Fabrairu, takardun haraji sun fara faɗowa cikin akwatunan wasiƙa, sannan wayarsa take farkawa. Daga nan har sha biyar ga Afrilu sunansa Akanta. Har Dakta Maitama, likitan ƙoda, wanda ba ya amsa gaisuwa da baki sai da ka, yakan kira shi da kansa ya tambayi ranar da zai samu sarari.

Mutumin Malumfashi ne, ɗan mai awon hatsi a kasuwa. Ya karanta aikin akanta a Kaduna, ya yi shekara bakwai yana tara da ɗebewa a wata ma'aikata, sai cacar biza ta faɗo kansa a 1998. Ya sauka filin jirgin Dulles da jaka ɗaya da lambar waya ɗaya, ta wani Alhaji Ladan, mutumin Zariya da ke aikin gwajin jini a asibiti, wanda bai taɓa ganinsa ba. Alhaji Ladan ya zo ya ɗauke shi, ya ba shi ɗakin ƙasa na gidansa, ya zauna wata takwas ba a taɓa tambayarsa yaushe zai tashi ba. Matar gidan, Hajiya Lami, ita ta saya masa rigar sanyinsa ta farko, ita ta koya masa hawa bas da karanta kwanan watan da ke jikin madara. Da ya kawo matarsa Sadiyya daga gida, ta haihu a tsakiyar hunturu ba uwa ba inna, Hajiya Lami ce ta ɗauki hutu daga aiki ta zo ta yi mata jego. Misbahu bai taɓa manta wannan ba, kuma ya kamata a faɗa tun yanzu, don kada wani ya ɗauka butulu ne.

Abin da Amurka ta hana shi shi ne sunan aikinsa. Sau biyu ya zauna jarrabawar manyan akantoci, sau biyu ta kayar da shi, karo na biyu da 'yan maki kaɗan da har yau in ya tuna sai ya yi tsaki. Ya haƙura, ya kama aiki a ofishin lissafi na wani asibiti a Washington, inda yake wuni yana jayayya da kamfanonin inshora ta waya. Ya sayi ɗan gida manne da na maƙwabta a Upper Marlboro. Rufin asiri dai ya samu, amma mutumin da ya san ya iya abu ba a kiransa da shi, rufin asiri ba ya isarsa.

To a teburin cin abincinsa ya rama. Kowane Janairu yakan je kanti ya sayi manhajar cike haraji da kuɗin aljihunsa, faifai a cikin kwali, ya zuba a tsohuwar kwamfutarsa. Asabar da Lahadi gidan ya cika da mutane riƙe da ambulan, Sadiyya tana ta ɗora tukunyar shayi tana saukewa. Ba ya karɓar ko sisi. Yakan ce zumunci ne, kuma da gaske yake, sai dai akwai wani abu da yake karɓa wanda bai taɓa faɗa ba: ganin likita zaune a kan kujerar roba yana jiran Misbahu ya buɗe baki. Su kuwa ba su taɓa matsa masa ya karɓa ba. Mutanen da ke biyan wani ya yanke musu ciyawa, wani ya wanke musu mota, sai su zo wurin wanda zai taɓa dukan asirin dukiyarsu da ƙullin kilishi ɗaya, ko kwalbar turaren da aka ba su tsaraba ba su so. Da yake ba biyansa ake yi ba, sunansa ba ya shiga ko'ina. A ƙasan kowace takarda na'ura takan buga cewa mai ita ne ya cike da kansa.

A saman allon kwamfutar, can kusurwa, akwai wata lamba da ke motsi duk sanda ya shigar da wani abu. In kore ce, gwamnati za ta maido wa mutum kuɗi. In ta koma ja, mutumin ne zai biya. Mutane sukan tsaya a bayansa idonsu a kan wannan lamba kamar masu kallon ƙwallo. Shi kuwa ya san hanyoyin halal na sa ta ta yi kore: rasidin sadakar masallaci, kuɗin renon yara, kuɗin makaranta da mai shi ya manta. Da shekaru suka tafi, sai ya fara raina manhajar. Tana tambayar wawanci, tana maimaita abu ɗaya sau uku, wani lokaci takan kafe a kan abin da ya san daidai ne sai ya zagaye ta. Yakan ce na'ura ba ta san mutane ba, shi ya san su. Sau da yawa kuma shi ke da gaskiya, abin da ya ƙara lalata shi ke nan.

Alhaji Ladan ya rasu a 2009. 'Ya'yansu biyu sun yi nisa, ɗaya a Texas ɗaya a Kanada, Hajiya Lami ta zauna ita kaɗai tana ci gaba da aikinta a gidan kula da tsofaffi, inda kafin ta ajiye aiki ta shekara ashirin da huɗu tana ɗaga su tana juya su tana wanke su. Burinta ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da ita minti goma ya ji shi: ta ƙarasa ginin da mijinta ya fara a Zariya, ta koma, ta mutu kusa da 'yan'uwanta. Ba ta son a binne ta a ƙasar da sai an sayi kabari tun mutum yana da rai.

A 2012 Dakta Maitama ya dawo daga Umara da sabon zafi. A taron ƙungiya na wata-wata, wanda ake yi a ɗakin ƙasa na gidansa, ya miƙe bayan la'asar ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce kuɗin ritayar da ake tara wa kowa a wurin aiki, asusun nan da ake kira 401k, cakuɗe yake da riba: hannun jarin bankuna, takardun bashi, har kamfanonin giya. Ya ce mutum ya yi salla ya yi azumi, sannan ya ci tsufansa da wannan? Jikin mutane ya yi sanyi. Sai ya juya, a gaban kowa, ya ce, "Akanta, babu mafita ne?"

A watan Yuni ne, ba lokacin haraji ba, kuma ba a taɓa tambayar Misbahu komai a taro ba sai ko an kawo ƙarin ruwan sha. Ya tashi, ya gyara hula. Ya ce akwai. Wanda ya bar aiki yana iya kwashe kuɗinsa daga asusun wurin aiki ya mayar asusun kansa, wanda ake kira IRA, ba tare da an cire masa haraji ba wajen kwasar, kuma a can shi zai zaɓi jarin da aka tace daga haram. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba, don bai sani ba, shi ne ya zo ya ci mutum. Aka yi kabbara, Dakta Maitama ya dafa kafaɗarsa. Shi Daktan yana da shekara hamsin da biyu, yana tsakiyar aiki, kuɗinsa bai motsa ko nan da can ba.

Wadda ta fara amsa kira ita ce Hajiya Lami. A ƙarshen shekarar ta ajiye aiki, ta zo da takardunta a cikin jakar leda ta ce ba ta son kwabo ɗaya na riba ya shiga ginin da za ta yi sujada a cikinsa. Misbahu ya cike mata komai, ya yi wayoyin, ya kwashe tarin shekara ashirin da huɗu ya mayar sabon asusu. Ta cika sittin da biyar, ta fara cirewa duk shekara, rabi ta ci, rabi ta tura Zariya. Kuɗin tsufa na gwamnatin tarayya kuwa ta bar shi sai ta kai saba'in, don ya fi auki.

Wata Asabar da hantsi a Fabrairun 2014 ta kawo ambulan ɗinta, ta miƙa masa, ta wuce kicin wurin Sadiyya suna hira. Ya buɗe takardar da kamfanin asusun ya aiko. A jikinta akwai wani ɗan akwati da aka sa wa alama, mai nuna cewa kuɗin daga IRA ya fito. Ya sa alamar a kwamfuta kamar yadda take a takarda. Ɓangaren harajin tarayya ya wuce lafiya. Da ya shiga ɓangaren jiha, sai lambar kusurwa ta yi ja, ja sosai, sama da dala dubu biyu. Ya ɗaure fuska. Ya san Maryland tana yi wa wanda ya kai sittin da biyar rangwame a kan kuɗin fansho, don bara ma ya samo wa wani dattijo. Manhajar ta rubuta masa a fili cewa wannan kuɗi bai cancanci rangwamen ba, ga kuma wurin da zai latsa in yana son bayani. Bai latsa ba. Mutum uku na zaune suna jiran layi, ɗayansu yana ta duba agogo.

Ya yi tunani irin na mai hankali, abin takaicin ke nan. Kuɗin nan daga ina ya fito? Daga aikinta. Gumin bayanta ne, shi da hannunsa ya kwaso shi daga asusun wurin aiki. Don an juye hatsi daga wannan buhu zuwa wancan ai bai zama wani hatsi ba. Ya koma baya, ya goge alamar, ya dawo. Lambar ta yi kore. Ya jinjina kai, ya ce a ransa ya sake kama na'ura da wauta. Ya buga takardun, Hajiya Lami ta sa hannu inda ya nuna mata ba tare da ta karanta ba, ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya raya zuri'a. Shekara ta zagayo ya sake yin haka, ta sake zagayowa ya sake, yanzu ma ba ya ko tsayawa tunani.

Wasiƙar ta zo a Satumban 2016, daga ofishin harajin jiha a Annapolis. Hajiya Lami ba ta gane ta ba, don haka ta kawo wa wanda take kawo wa duk abin da ba ta gane ba. Misbahu ya karanta a tsaye. An soke rangwamen shekara uku. Da harajin, da tara, da kuɗin ruwan da ya hau kai, abin ya haura dala dubu tara. Ya yi ta maza, ya ce mata kuskure ne daga wurinsu, ta bar masa.

Ya ɗauki hutun rana ɗaya ya je ofishin jiha mafi kusa, da fayil a hammata, ya shirya jawabinsa tun a mota. Ma'aikaciyar da ya samu, wata dattijuwa mai suna Olive, ta saurare shi har ya gama maganar buhu da hatsi, ba ta katse shi ba. Sannan ta jawo ɗan littafin bayani, irin wanda ake rabawa kyauta, ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Rangwamen na kuɗin da ya fito daga asusun wurin aiki ne. Na IRA ba ya ciki, ko da daga wurin aikin aka kwaso shi. Ya tambaye ta, to da an bar kuɗin inda yake fa? Ta ce da ta samu rangwamen, bana da baɗi da duk shekarar da ta cira. Ta duba ƙasan takardar, ta ce a nan an rubuta mai ita ce ta cike da kanta, shi ɗanta ne? Ya ce a'a, maƙwabci ne.

A cikin mota ya zauna ya fi rabin awa bai tayar ba. Kuskure biyu ne, kuma duka nasa. Na farko shawarar da ya bayar don an kira shi Akanta a gaban manya. Na biyu alamar da ya goge bayan an gaya masa ƙiri-ƙiri. Kuma babu takarda ɗaya a duniya da ke ɗauke da sunansa.

Ya tafi wurin Dakta Maitama, yana tunanin tunda a gidansa maganar ta taso, ko ƙungiya za ta sa hannu a taimaka wa gwauruwar tsohuwa. Daktan ya karɓe shi a tsaye a bakin gareji, yana shirin fita. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce shi maganar addini ya yi, lissafi kuwa fannin Misbahu ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi ba ya shiga na wani. Ya ce baitulmalin ƙungiya na jana'iza ne, ba na haraji ba. Ya ƙara da cewa shi ya sa shi manyan takardunsa, na asibitinsa da na gidajen haya, tun da daɗewa wani ƙwararre a Bethesda yake kai wa, ƙananan ne yake kawowa Upper Marlboro. Misbahu bai taɓa sanin haka ba. Shekara goma sha ɗaya yana taƙama a ransa cewa shi ke riƙe da harajin Dakta Maitama, ashe ragowa ake kawo masa.

Da Daktan ya buɗe ƙofar mota sai ya waiwayo. "Ka ce manhajar ce mana," in ji shi. "Wa zai bincika? Tsohuwa ce, kada ka ɗaga mata hankali a banza."

Shawarar banza ce, kuma Misbahu ya san ta banza ce tun tana fitowa daga bakin mai ita. Amma ya ɗauka. Ya kira Hajiya Lami a waya, don ba zai iya ido da ido ba, ya ce mata ya je, ya yi iya ƙoƙarinsa, manhajar ce ta yi kuskuren lissafi, gwamnati kuma ba ruwanta, sai an biya. Ta yi salati, sannan ta shiga ba shi haƙuri. Shi take ba haƙuri, wai ya ɓata ranar aikinsa a kanta. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da waɗanda suka ƙera wannan abu suna sayar wa bayin Allah.

Kuɗin shekarar ta riga ta tura rabinsa Zariya an sayi katako da kwano. In ta sake cirewa daga asusun, wani harajin zai sake hawa, kuma abin da ya rage dole ya kai ta saba'in. 'Ya'yanta ba ta gaya musu ba, ta ce kowa yana fama da nasa. Sai ta nemi a bar ta ta riƙa biya wata-wata, kuɗin ruwa yana ci gaba da hawa, ta koma gidan tsofaffin ta roƙi a mayar da ita kwana uku a mako. Suka karɓe ta hannu bibbiyu, don irinta ba sa samuwa. Tana da shekara sittin da takwas, wasu daga cikin waɗanda take ɗagawa ƙannenta ne a haife.

Mako shida ƙaryar ta yi tana tsaye. A cikinsu Hajiya Lami ta aiko masa da dambun nama sau biyu, na godiya. A wani suna da aka yi a Manassas ya ji ta da kunnensa tana gaya wa mata cewa ba don Misbahu ba da ba ta san inda za ta sa kanta ba, ta ce kullum tana sa shi a addu'a bayan sallar asuba. Labarin manhaja mai cuta ya zagaya gari, kowa ya yarda, don babu wanda ba ya jin haushin na'ura da gwamnati. Har tausaya masa ake yi. Abinci ya daina yi masa daɗi. Sadiyya, wadda ta san mijinta, ta tambaye shi sau ɗaya, ya gaya mata gaskiya, daga ranar ba ta ƙara taɓa dambun ba, ta bar masa shi a kan tebur ya gani.

Wata Lahadi da rana ya je gidanta. Ya same ta ta dawo daga aiki, ba ta ko cire rigar aikin ba, ta tsoma ƙafafunta a robar ruwan ɗumi, sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Ta yi murna da ganinsa, ta ce ya shiga kicin ya ɗauko wa kansa lemo. Bai zauna a kujera ba. Ya durƙusa a kan kafet kamar yadda ya yi ranar da ya fara shigowa gidan, ya faɗa mata duka: shawarar da ya bayar bai bincika ba, gargaɗin da manhajar ta yi masa, alamar da ya goge da hannunsa har sau uku, da wayar da ya yi mata. Bai ambaci Dakta Maitama ba, don ba Daktan ne ya buga lambarta ba. Ya ajiye cek a gefen robar, duk abin da yake da shi a ajiye.

Ta kalli ƙafafunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta iya ba.

"Na gudu daga riba, Misbahu," ta ce, "yanzu duk wata ni nake rubuta ta da hannuna ina aikawa. Wannan ya dame ni, amma ƙaddara ce, kuma kowa yana kuskure. Da ranar ka zo ka ce Hajiya na yi ɓarna, wallahi da mun zauna mun yi kukanmu tare, shi ke nan."

Ya ce ta yafe masa.

"Kuskuren na yafe. Amma na yi wa mutanen da ba su ci mini komai ba Allah ya isa, kana ji. Na tashi da asuba mako shida ina roƙa maka alheri a kan abin da ba ka yi ba, kana sane. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba tukuna. Ɗauki takardarka. 'Yarka za ta shiga jami'a baɗi."

Ya roƙe ta, ta ƙi. Ya aika Sadiyya da cek ɗin bayan kwana biyu, aka dawo da shi a cikin ambulan ɗin ba a buɗe ba.

Ita ba ta gaya wa kowa ba. Shi ne ya bi sauran dattawa biyun da ya yi wa irin wannan kwasar, waɗanda ba su kai shekarun rangwamen ba tukuna, ya faɗa musu abin da suka rasa, don kada su ji a bakin wasiƙa. Daga nan magana ta fita. Aka yi ta tauna shi a falo-falo. Aka ce da ma ba akanta ba ne, jarrabawar ma faɗuwa ya yi. Wani injiniya da ya shekara goma yana shan shayin Sadiyya ya ce shi tun farko hankalinsa bai kwanta da shi ba. Dakta Maitama ya yi nasiha a taro a kan haɗarin ba da fatawa ba ilimi, bai kama suna ba, kowa ya sunkuyar da kai don kada ya kalli bakin ƙofa.

Misbahu ya ɗauka shi ke nan, teburinsa ya mutu, har ya ji wani irin sauƙi. Bai san mutanensa ba. Fabrairu na kamawa wayar ta fara ƙara. Injiniyan nan ne ya fara kira, da fara'arsa, yana cewa ai abin da ya wuce ya wuce. Sai wani, sai wani. Sun tambayi farashin masu cikewa a kanti, sun ji dala ɗari uku, ɗari huɗu, sai suka tuna zumunci. Har ƙananan takardun Dakta Maitama suka iso, a hannun direban da ke kai 'ya'yansa makaranta. Ya karɓa, ya cike musu, yana karanta kowane bayani har ƙarshe, a hankali, ko da layi ya kai waje. Ba ya jin komai in sun ce Akanta.

Hajiya Lami ba ta zo ba. Ta aiko saƙo ta wurin Sadiyya cewa a tattara mata kwafin takardunta na shekarun baya, za ta kai wa wata mata a wani kanti kusa da wurin aikinta. Ya buga su da kansa, ya jera shekara-shekara, ya sa a fayil sabo.

Ta gama biya a 2018, amma ba ta bar aikin ba sai da gwiwa ta ƙi, kuma kafin nan kuɗin gini a Zariya ya ninka, damina biyu ta ci katakon da aka saya. Har yau tana Maryland. Suna haɗuwa a filin Idi da wurin suna. Ba ta taɓa juya masa baya ba. In ya durƙusa takan amsa, ta tambayi Sadiyya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi aiki, ta yi masa fatan alheri, gaisuwa cikakkiya ba abin da ta rage, irin wadda ake yi wa mutumin kirki da ba a sani ba sosai. Sannan ta juya ta ci gaba da maganar da take yi.